Gurbi na Sifili

Innata uwar adashi ce. Tun ina ƙarama a Runjin Sambo na tashi na tarar mata suna shigowa gidanmu kowace Juma'a bayan la'asar, wata da kuɗinta ƙulle a bakin zane, wata ta aiko jika ko 'yar riƙo, Inna na zaune kan tabarma da littafinta mai bangon kwali da wata tsohuwar kwalla mai murfi. Hannu goma sha biyu ne, zubin mako ₦5,000, mai kwasa ta tafi da ₦60,000. Inna ba ta yi boko ba, da ajami take rubuta sunaye, kuma a iya wayona ban taɓa jin an tayar da murya a tsakar gidanmu kan kuɗin adashi ba. Ni ce na fara jawo hakan, a shekarata ta farko a jami'a, kuma shi ne abin da nake so in ba da labari, domin har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Sunan farko a littafin Inna na wata dattijuwa ce da muke kira Gwaggo, duk da ba mu haɗa jini ba. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa a gidanta da ke wajen Ƙofar Marke. Tun ranar da aka kafa adashin take ciki, shi ya sa sunanta ke sama.

Na samu gurbin karatun kimiyyar kwamfuta ban taɓa rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba. Yayana ya sayo mini kwamfutar cinya ta hannu, batirinta ba ya kai minti arba'in, ga shi a zangon karatun nan zafin Sakkwato ya kai maƙura, irin na watan Afrilu da ma'auni ke haura 40, fankar na'urar tana kuka kamar za ta tashi. In an ɗauke wuta sai in ba ƙanena ya kai ta shagon caji. A ɗakin kwamfuta na makaranta kuwa mu uku muke zama gaban na'ura ɗaya, mai saurin hannu shi ke bugawa, sauran kallo.

Da harshen rubuta manhaja mai suna Java aka fara mana, wanda James Gosling da abokan aikinsa suka samar a kamfanin Sun Microsystems, aka fitar da shi a 1995. Ni kuwa da hadda na tunkare shi, domin ita na sani. Tun daga makarantar allo har sakandare hadda ce ta fisshe ni, sai na ɗauka nan ma haka ne: in malam ya rubuta misali a allo, in kwafe, in haddace har da waƙafi da baka-biyu, in zuba a takardar jarrabawa. Gwajin farko na ci da kyau. Wannan cin shi ya ruɗe ni.

Da aka zo kan kilas da objek ne na fara jin wani abu ya buɗe a kaina, kuma adashin Inna ne ya buɗe shi. Malaminmu ya ce kilas tsari ne kawai, yana faɗin irin bayanan da abu zai ɗauka da irin ayyukan da zai iya, objek kuma shi ne ainihin abin da aka ƙera bisa wannan tsari. Ina zaune sai na ga shafin littafin Inna a idona. Kowace mace tana da suna, tana da abin da ta zuba, tana da ranar kwasarta. Layin da Inna ke ja a shafi kafin ta rubuta komai, shi ne kilas. Gwaggo da zubinta objek ce, maƙwabciyarmu mai kitso da nata zubin wata objek ce daban, tsari ɗaya amma kowacce da nata lissafi. Aikin da za a iya yi a kansu kuwa biyu ne, zubi da kwasa. Daren nan ban yi barci da wuri ba, na rubuta kilas na farko da ba kwafa na yi ba, na sa masa suna 'YarAdashi ba tare da alamar farkon ba, tunda Java ba ta yarda da ita a suna.

Mako biyu bayan haka aka shiga jeri, wato hanyar ajiye abubuwa masu iri ɗaya a gurabe a jere ƙarƙashin suna guda. A Java, in ka ce jerinka gurbi 12 ne, to ya zauna a 12, ba ƙari ba ragi, daidai da adashi, wanda in an fara zagaye ba a shigo da sabon hannu. Abin da ya saɓa wa hankalina shi ne ƙidayar guraben. Ba daga ɗaya ake farawa ba, daga sifili ne. Jeri mai gurbi 12 lambobinsa daga 0 zuwa 11 suke. Malam ya yi bayanin dalili, cewa lambar tana nuna nisan gurbi ne daga bakin jerin, don haka na farko nisansa sifili. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi, na haddace shi. Da an tambaye ni a jarrabawa da na amsa daidai.

A wannan tsakanin yayata da ke aure a Wurno ta haihu, haihuwa mai wuya, Inna ta shirya tafiya ta mako uku. Ta miƙo mini littafi da kwalla. Ta ce in wata ta makara da zubi, in cika wa mai kwasa daga kuɗin zannuwan da take sayarwa, waɗanda su ma cikin kwallar suke, kamar yadda ta saba yi. Na karɓa, amma a raina na riga na yanke cewa littafin ajami ya tsufa. Zan nuna wa Inna abin da ake koya mana.

Na shirya jeri mai gurbi 12, na zuba matan a ciki bisa tsarin littafi, Gwaggo a farko. Ɓangaren shigar da zubi na kwaikwaya ne daga wani misali na malam, inda ake cire ɗaya daga lambar da mutum ya buga kafin a taɓa jeri, don haka ya yi aiki daidai ba tare da na san dalilin ba. Wata ƙawata ta taya ni yadda za a riƙa adana bayanan a fayil. Ɓangaren rahoto, wanda zai zagaya jerin ya fitar da sunan kowacce da jimillar abin da ta zuba, shi na rubuta da kaina. Na sa zagayen ya fara daga 1 ya ƙare a 12, kamar yadda kowane ɗan Adam ke ƙirga mutane. Da na kunna, sai jan rubutu ya cika ƙasan allo, ArrayIndexOutOfBoundsException, ma'ana na nemi gurbin da babu shi, tunda babu gurbi mai lamba 12. Ban tsaya karanta abin da ake gaya mini ba. Burina jan rubutun ya tafi. Na yi ta taɓa nan in taɓa can har na cire alamar daidai daga sharaɗin zagayen, ya koma yana tsayawa kafin 12. Jan rubutu ya ɓace. Sunaye suka zubo a allo reras. Ban ƙirga su ba. Na yi hamdala na rufe na'ura.

Goma sha ɗaya ne suka fito. Zagayen da ya fara daga 1 ya tsallake gurbi na sifili, kuma Gwaggo ce a wurin.

Juma'o'in nan uku ina dawowa makaranta a gajiye, wani lokacin ma ƙanena ke karɓar kuɗin ya rubuta a guntun takarda, ni kuma da dare in shigar, in yar da takardar. Akwai waɗanda suka makara da gaske, na cika daga kuɗin zannuwa ban ware lissafi ba. Littafin Inna ko buɗe shi ban yi ba. Ranar da ta dawo, bayan ta huta ta ci abinci, na kawo kwamfuta gabanta cike da murna na karanto mata rahoto. Tana saurare tana lanƙwasa yatsu. Da na kai ƙarshe sai ta ce, "Ina Gwaggo?"

Na duba, babu. Maimakon in ce bari in bincika, sai na ce, "Inna, da ta zuba da ta fito. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Wannan maganar ita ce ta fi komai ci mini rai. Inna ta yi shiru, ta ce Gwaggo ba ta taɓa makara ba ko sau ɗaya. Aka tambayi ƙanena, ya ce yana jin jikanta ya zo, amma ba zai rantse sau nawa ba. Aka ƙirga kwalla, kuɗin zannuwa da na adashi sun cakuɗe, ba a gane komai ba. Ni kuma na tsaya kai da fata. Inna, wadda ke ganin 'yarta ta je jami'a ta san abin da ita ba ta sani ba, ta aika a tambaya cikin ladabi.

Gwaggo ba ta aiko da amsa ba, da kanta ta zo, a kan kabu-kabu, da tsakar rana. Ta zauna bakin ƙofar ɗaki, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba. Ta ce wa Inna, "Ni dai na san na aiko, sau ukku, Allah shina gani." Sannan ta juyo gare ni: "Ke ɗiyata, duba da kyau." Na juya mata allon, ita da ba ta karanta boko, na nuna mata jerin sunaye, na ce babu nata. Ta daɗe tana kallon allon. Ta ce to, ba za a ce da tsufanta ta ci kuɗɗin mutane ba. Bayan kwana huɗu jikanta ya kawo ₦15,000. Daga baya muka ji jar akuyarta aka kai Kasuwar Kara.

Mako biyu da faruwar wannan aka shiga darasin gwajin gaɓa-gaɓa. Malam ya ce manhaja ta gudana ba tare da kuka ba, ba shi ke nuna ta yi daidai ba. Abin da ake yi, a ɗauki ƙaramar gaɓa ɗaya ta manhajar, aiki guda, a ba ta abin da aka riga aka san amsarsa, a rubuta amsar da ake tsammani, sai na'ura ta kwatanta. Ya nuna mana JUnit, kayan gwajin da Kent Beck da Erich Gamma suka rubuta wa Java a 1997, da umarnin assertEquals mai karɓar abin da kake tsammani da abin da ya fito. In sun dace a ga kore, in sun saɓa a ga ja. Ya nanata cewa kada mu gwada tsakiya kawai, mu je gefe-gefe, nan kurakurai ke maƙalewa: jeri wanda babu komai a ciki, jeri mai abu ɗaya tak, gurbin farko, gurbin ƙarshe. Ya ba mu labarin rokar Ariane 5 ta Turai da ta tarwatse a 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an tura wata lamba cikin ma'ajin da ya yi mata kaɗan. A lokacin labarin roka ya fi ɗaukar hankalina, ban kawo Gwaggo a raina ba ko kaɗan.

Aikin gida shi ne kowa ya rubuta gwaji biyar a kan wata manhaja da ya taɓa rubutawa. Na zaɓi ta adashi domin da ita nake alfahari. Bayan isha'i, wuta ta dawo, na zauna a tsakar gida saboda zafin ɗaki. Na fara da mafi sauƙi don in gama da wuri: adashi mai mace ɗaya, ta zuba 5,000, jimilla ta zama 5,000. Na danna.

Ja. An yi tsammanin 5000, abin da ya fito 0.

Na ɗauka gwajin na rubuta ba daidai ba, na sake duba shi, lafiya lau. Sai na ɗauki biro na bi zagayen da hannu kamar yadda ake koya mana. Jeri mai gurbi ɗaya, tsawonsa 1. Zagaye ya fara daga 1. Sharaɗi, a ci gaba in lambar ba ta kai tsawon jeri ba. Ɗaya bai gaza ɗaya ba. Zagayen ko sau ɗaya bai shiga ba. Matar da ke gurbi na sifili ba a ko kalle ta ba. Ina kai nan biron ya tsaya a hannuna. Na buɗe manhajar, na goge 1 na sa 0, harafi ɗaya, na loda fayil ɗin makonni ukun nan. Sunan Gwaggo ya fito a sama, zubi uku, ₦15,000 cif. Da hannuna na shigar da su duka.

Ban iya faɗin abin da na ji ba. Na rufe na'urar na shiga ɗaki na kwanta, na yi ta kuka a hankali kada Inna ta ji. Kuma zan faɗi gaskiya, tunda shaida nake bayarwa: kwana biyu na riƙe maganar. Shaiɗan ya yi ta raya mini cewa ba wanda ya sani, ba wanda zai taɓa sani, in tara kuɗin a hankali in kai wa Gwaggo a matsayin kyauta. Amma ba kuɗi kaɗai na karɓe mata ba. Matan adashi sun ji labari, wasu sun fara cewa tsufa ya fara taɓa ta, wasu sun faɗi abin da ya fi haka muni. Kyauta a ɓoye ba za ta wanke wannan ba.

Ran kwana na uku bayan asuba na durƙusa gaban Inna na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Mi kinka ce min ranan? Ba ta ƙarya?" Na ce na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da na umarce ta shi ta yi, ni ce na hana ta duba wurin. Inna ta tashi ta ɗauko mayafi, ta ƙirgo ₦15,000, ta ce in wuce mu tahi.

Mun tarar da Gwaggo tana murza tunkuza. Na durƙusa, na ce, "Gwaggo, ki yafe mini, kin zuba duka, ni na yi kuskure." Na so in yi mata bayanin sifili da ɗaya, Inna ta taɓa ni, na yi shiru. Gwaggo ta goge hannu a zane, ta karɓi kuɗin ba ta ƙirga ba. Ta ce ta yafe duniya da lahira, dama ta san Allah ba ya barci. Sai ta ƙara da cewa akuyar ciki gare ta lokacin da anka sai da ta. Ba ta faɗa da zafi ba, faɗi kawai ta yi.

Juma'ar da ta biyo, Inna ta jira har matan suka taru, ta sa na tsaya gabansu na faɗi abin da ya faru da bakina.

Daga nan karatuna ya sauya. Na daina jin haushin jan rubutu, na koma karanta shi layi-layi. Na sake rubuta manhajar adashin daga tushe, wannan karon gwaji ne ke gaba, kuma gwaje-gwajen suka tono mini wasu ramukan da ban san da su ba. Akwai hannu ɗaya da mata biyu ke rabawa. Da na gwada raba kuɗin da bai rabu daidai ba, sai na ga Java tana zubar da ragowa in lambobin duka cikakku ne, 7 a raba 2 ta ba da 3, naira ta ɓace ba tare da ta ce uffan ba. Wata rana kuma na ƙera objek ɗaya tak tun kafin a shiga zagaye na cusa shi a duk guraben, sai kowace mace ta koma ɗauke da sunan ta ƙarshe, domin jeri ba objek ɗin kansa yake riƙewa ba, nuni yake riƙewa zuwa inda yake, guraben goma sha biyu duk mutum ɗaya suke nunawa. Gwaji mai mata biyu ya kama wannan cikin daƙiƙa. Malam ya taɓa kawo mana maganar masanin kwamfuta Edsger Dijkstra cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure amma ba ya iya tabbatar da babu, don haka ko na ga kore ba na sakin jiki. Littafin Inna ya koma wurinsa, shi ne asali, manhajata tana bin bayansa, duk Juma'a da dare mu kwatanta, ita da ajaminta ni da allona.

Na ci kwas ɗin, ba da makin da nake buri ba amma da abin da na fahimta. A hutun ƙarshen shekara na koyar da yaran unguwa lissafi, na tara abin da na samu, Yaya ya cika mini, ya je Kara ya sayo 'yar budurwar jar akuya muka kai Ƙofar Marke. Gwaggo ta karɓa, ta sa mini albarka mai tsawo, ta cika mini leda da ƙuli-ƙuli.

Amma da zagayen ya ƙare, aka zo buɗe sabo, ta aiko jikanta ya ce a cire ta, ƙarfinta ya ragu. Inna ta je da kanta har sau biyu, ba ta sauya ba. Mata uku suka nemi hannun. Inna ta hana, ta ce ita za ta riƙa zuba shi, layin farko na littafi kuma ta bar shi fari, ba ta rubuta sunan kowa ba, ko nata.

A manhaja, gurbin objek da ba a sa komai a ciki ba yana ɗauke da abin da ake kira null, wanda Tony Hoare ya shigo da shi harkar a 1965, daga baya ya fito fili ya ce kuskure ne mai tsadar gaske. In zagaye ya iso irin wannan gurbi ya nemi suna, manhajar faɗuwa take. Daren da Inna ta buɗe sabon shafi, na zauna kusa da ita na rubuta gwaji na jeri mai gurbi 12 wanda na farkonsa babu kowa. Ya fito ja, na gyara ya koma kore. Na tambaye ta ko in matsar da sauran matan sama, in rage jerin ya zama 11, a ware hannunta daban. Ta ce a'a, in bar wurin yadda yake, wataƙila bayan damina Gwaggo ta dawo.